Ina son jeren ɗakina ya yi kama da teku, amma Hajiya ta ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bikina ya matso, an kama mana hayar filat a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, ɗaki biyu da falo. Na ga wani salon ado a Instagram, irin na 'yar ruwa, komai shuɗi da ƙyalƙyali kamar a ƙarƙashin teku, kuma ya kwanta mini a rai. Da na nuna wa Hajiyarmu sai ta ce aljanu zan gayyato. Don Allah yaya zan yi in samu abin da nake so ba tare da na saɓa mata ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Hajiya tana da hujja. Wajen Turawa 'yar ruwa tatsuniyar yara ce, mu kuwa da an ambace ta sai hankali ya tafi ga iskokai da bori. Ga kuma batun surar mai rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin yardarsa, sai aka yanka shi aka yi matasai. Don haka hoton mace mai jelar kifi, ko gunkinta a kan tebur, ki cire shi daga lissafi. Ba ki yi asarar komai ba. Sake duba hotunan nan da kyau, za ki ga launi ne da sheƙi suka tafi da ke, su kuwa babu malamin da ya hana.

Mu fara da fenti, domin a nan mutane suka fi ɓata ɗaki. Kada ki yarda a shafe bango huɗu da shuɗi mai duhu. Ɗakin zai ƙuntata, da rana ma sai kin kunna fitila. Bango uku ki ba su fari ko ruwan madara, ɗaya kaɗai, wanda gado ko doguwar kujera za ta jingina da shi, shi za a yi wa shuɗi mai sirkin kore. Ki nemi fentin satin wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta raga wa kowa a Katsina. Lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, kenan ɗaki mai ƙafa 12 da 12 galan biyu masu lita huɗu-huɗu za su kusa isar sa shafa biyu. Tunda haya ce, angon ya fara neman iznin mai gida.

Alamar da ta fi fito da wannan salo ita ce zanen ɓawon jikin kifi, rabin da'ira a kan rabin da'ira. Ana sayar da takardar bango mai irinsa, amma ba na ba da shawararta a nan, don zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, gam ya saki, gefuna su fara ɗagowa. Maimakon haka, mai fenti mai natsuwa zai ɗora faranti a kan kwali ya zana da'ira ya yanka rabinta, ya bi bangon da ita layi-layi, kowane layi ya faɗo a tsakiyar na samansa. Idan ya fara da shuɗi mai ƙarfi daga ƙasa yana ƙara fari yayin da yake hawa, sai bangon ya ba da zurfin ruwa. Siririn layin ruwan gwal a bakin wasu ɓawon, ba duka ba, ya wadatar.

Labule ki yi shi ninki biyu, mai kauri a baya don rana da ƙura, shara-shara fari ko shuɗi mai haske a gaba, wanda fanka za ta riƙa kaɗawa. Kantin Kwari a Kano ba abin da babu. In kuma za a je Kanon, a biya marinar Ƙofar Mata, domin yadin da aka rina da baba yana fitar da zane kamar igiyar ruwa, ya kuma yi kyau a rigar matashi ko shimfiɗar gado. Ƙyalƙyali kuwa a yi shi kamar gishiri a miya. Matashi biyu masu duwatsu, madubi ɗaya mai zagaye da aka kewaye da lu'ulu'un roba, shi ke nan. Karan-miski da kafet mai gashi rumbun ƙura ne, bar su.

Teku ba ya cika sai da yashin gaɓa, kuma wannan launin muna da shi a gida. Tabarmar kaba da faifai uku ko huɗu a bango za su karya sanyin shuɗin. Wuri ma ɗan teku ne na gaske, daga tsibiran Maldives na tekun Indiya aka riƙa kawo shi har ya zama abin ciniki a ƙasar Hausa. Sai dai kin san yadda ake kallonsa saboda masu duba. Ki zuba kaɗan a kwalbar gilashi tare da farin yashi, kada ki rataya shi a ƙofa, kada dangin miji su samu abin faɗa.

Fitilar ɗakin ta zama fara, don mai ruwan ɗorawa tana mayar da shuɗi kore mai datti. Zaren fitilar LED shuɗi a ɓoye cikin POP yana da daɗi da dare, amma kada ya zama shi kaɗai ne hasken.

Na san za ki tambayi akwatin gilashin kifi. Haƙura. Yana buƙatar famfon iska dare da rana, jan kifin ado kuma ruwa mai sanyi yake so, wajen digiri 20. In wuta ta ɗauke a bazara, gawa za ki kwasa.

A gama fenti aƙalla mako biyu kafin ranar jere don wari ya fita, a gwada launin a ɗan gefen bango tukuna, domin yakan sauya in ya bushe. Ranar zaɓen labule ki tafi da Hajiya, ki ce mata shuɗi da fari kike so, ki bar sunan 'yar ruwa a wayarki.