Saurayi mai haɓo da toshewar hanci: inda za ka fara dubawa a hoto

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka bambance anjiyofibroma, wato ƙarin bayan hanci mai cike da jijiyoyin jini, da sauran tsiron hanci idan aka turo maka yaro ɗan shekara 15 mai yawan haɓo, hancinsa ɗaya a toshe, takardar likita kuma ba ta ce komai ba sai a duba hanci. Tambayar ta yi mini daɗi, domin sau da yawa mai karanta hoto ne ke fara gane wannan ƙari, kuma abin da ya rubuta yana iya hana a yi wa yaro ɓarna.

Tun kafin ka buɗe hoton, dubi shekaru da jinsi. Cutar ta samari ce, daga lokacin balaga zuwa ɗan sama da shekara 20, kuma tana da alaƙa da sinadarin maza na jiki. Idan ka ga mai kama da ita a jikin yarinya ko dattijo, sake tunani. Ba kansa ba ce, wato ba ciwon daji ba ne, ba ta yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, amma tana cin wuri tana ture ƙashi. A nan wajenmu takan daɗe ba a gano ta ba, saboda kowa ya saba da haɓo a lokacin hunturu, sai a ce bushewar iska ce, har sai kunci ya kumbura ko ido ya fara turowa.

To, kada idonka ya tsaya a kan naman da ya cika hanci. Kowane tsiro yana cika hanci. Nemi tushensa. Wannan ƙari yana tasowa ne daga can bayan hanci ta gefe, a bakin ƙofar sfenofalatin, ƙaramar kafar da jijiyoyi ke bi su shiga hanci, daga nan ya kutsa cikin ramin terigofalatin, wato ɗan siririn lungun da ke tsakanin bangon baya na kogon kumatu da ƙashin terigoyid da ke bayansa. A hoton CT na mai lafiya, lungun nan tsukakke ne, cike da kitse, shi ya sa yake fitowa da duhu. Kwatanta dama da hagu a yanka ɗaya. Idan ɗaya ya buɗe, kitsen ya ɓace, nama ya maye gurbinsa, ka kama hanya. Ni a wurina babu alamar da ta kai wannan.

Daga nan sai ka duba bangon kogon kumatun kansa. Ƙarin yana matsa shi a hankali daga baya har ya lanƙwashe zuwa gaba. Holman da Miller na Asibitin Mayo a Amurka ne suka bayyana alamar a 1965, tun ana aiki da hoton ƙashi kawai, kuma har yau da sunansu ake kiranta. Amma ba kowane yaro ke da ita ba, musamman idan ƙarin bai girma ba, don haka rashinta ba ya kore cutar. Mayar da hoton zuwa yanayin ganin ƙashi, ka duba gindin ƙashin terigoyid: a nan za ka ga zaizaya, kuma mashigar bidiyan, siririyar hanyar jijiya da ta ratsa gindin ƙashin, takan faɗaɗa.

Kada ka yarda ka ba da amsa a kan hoton da ba a yi wa yaro allurar ruwan haska jijiya ba, sai in akwai dalilin ƙoda ko na rashin jituwa da ruwan. Da ruwan ya shiga, anjiyofibroma yakan ɗau haske sosai, domin kusan dukkansa jijiyoyin jini ne. A MRI kuwa jinin da ke gudu da sauri ba ya ba da sigina, sai ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a cikin naman kamar gashin zabuwa. MRI ne kuma zai nuna maka abin da CT ke rikitawa: ko farin da ke cikin kogon sfenoyid, kogon iska da ke can saman bayan hanci, ƙari ne ko majina ce da ta taru, da kuma ko ya kai kwarmin ido ko ya taɓa rufin ƙwaƙwalwa.

Sauran tsiron hanci kuwa ba haka suke ba: tsiron da ke fitowa daga kogon kumatu ya leƙa bayan hanci ba ya ɗaukar haske sai gefe-gefe, kuma ba ya taɓa lungun terigofalatin. Kansar bayan hanci da limfoma, wato kansar kaluluwa, sukan zo da kaluluwa a wuya, su ci ƙashi ba tsari.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne rubutun rahoto. Idan alamomin nan sun haɗu, rubuta ƙarara cewa kada a yanki nama don gwaji. Jijiyoyin ƙarin ba su da cikakken tsokar da za ta tsuke su idan an yanka, jini kuwa zai zuba kamar ba zai tsaya ba. Kira likitan da ya turo yaron ka faɗa masa da baki, iyayen ma a ja musu kunne kada a kai shi wurin wanzami. Hoto ya isa shaida. A tura shi wurin likitocin kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa.

Mai tiyata yana buƙatar iyaka daga gare ka: ko ƙarin ya wuce zuwa ramin da ke ƙarƙashin gefen kai, ko ya kusanci babbar jijiyar karotid ta ciki, mai kai jini ƙwaƙwalwa. Tambaye shi tsarin matakan yaɗuwar ƙarin da yake amfani da shi, na Radkowski ko na Andrews da Fisch, ka rubuta da shi. Yawanci jijiyar magzilari, jijiyar jinin da ke bi ta bayan muƙamuƙi, ita ce ke shayar da ƙarin, kuma inda ake da kayan aiki akan toshe ta kwana ɗaya ko biyu kafin tiyata don rage zubar jini. Idan yaron ya dawo hoton bibiya bayan aiki, fara duba gindin terigoyid da mashigar bidiyan, domin a nan ragowar ƙarin ta fi maƙalewa.