Fili a gindin Badala, rabinsa tsohon kududdufi: za a iya gina rukunin gidaje a kai?

Tambaya: Ni da 'yan'uwana mun haɗa kuɗi mun sayi fili a wajen Ƙofar Waika a Kano, muna son mu yanka shi mu gina gidaje goma sha biyu na haya. Gefe ɗaya ya jingina da ragowar ganuwa, wani ɓangaren kuma kududdufi ne da aka cike. Dillali ya ce tunda mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, babu sauran magana. Haka ne?

Amsa: Alhaji, ba haka ba ne, kuma ina roƙonka kada a sauke tifar yashi ko ɗaya tukuna. Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba izinin gini ba ce. Tun dokar ƙasa ta 1978, filin cikin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana, don haka sai an bincika a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, an ga ko filin yana da takardar mallaka. Yanka filaye da zanen gini kuwa sai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta amince. Wanda ya tsallake wannan, awon igiya ya yi, ko da gidajen sun kai na Nassarawa kyau.

Kada maganar rahoton tantance illa ga muhalli ta tsorata ka. Dokar tarayya ta 1992 ta wajabta cikakken rahoton ne a kan rukunin gidaje da ya kai hekta 50, naku bai kama ƙafar haka ba. Amma duk da haka za a nemi ganin inda ruwan sama zai bi, inda shadda za ta zauna, da faɗin titin da kuka bari.

Ganuwa ita ce ba ta sayuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Tana cikin kayan tarihin da dokar tarayya ta kare, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ke kula da Gidan Makama, kuma tun 2007 sunanta yana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya don neman a sanya su cikin wuraren tarihi na duniya, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Mutane suna ganin tudun jar ƙasa da awaki ke hawa sai su ce ai ganuwar ta tafi. A wurin doka tudun nan shi ne ganuwar. Ba a sare shi don a ƙara tsawon fuloti, ba a ɗibar ƙasarsa a yi ciko, ba a mayar da shi katangar bayan gida. Ku je Gidan Makama da takardar awonku, ku nemi jami'i ya zo ya nuna muku iyakar da za ku tsaya, a ba ku a rubuce. Za ka ce maƙwabta sun gina har kan tudun ba abin da ya same su. Waɗanda aka rushe wa shaguna a filin Idi a 2023 su ma akwai masu takardu a cikinsu. Gwamnati ta sauya, aka ce filin jama'a ne.

Idan masu haƙa harsashi suka ci karo da tsofaffin tukwane ko kashin tama, a tsaya a sanar da hukumar gidajen tarihin. Ƙasusuwan mutane kuwa, a kira mai unguwa da liman kafin komai, don tsofaffin kushewu suna da yawa a bakin ganuwa.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne kududdufin. Kududdufan Kano ramuka ne da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan unguwa. A watan Agusta duk ruwan da ya sauko daga indararo da lunguna can yake taruwa, ya tsuma cikin ƙasa a hankali. An cike ramin, amma gangaren yana nan, ruwa kuma ba ya manta hanyarsa. Ko ya shiga gidajenku, ko ku ɗaga dandamali ya koma ɗakunan talakawan da ke bayanku, ku kwashi haƙƙi.

Sannan da me aka cike shi? Galibi da bola ne: leda, tsumma, toka, ɓaraguzai, aka yayyafa jar ƙasa a sama. Irin wannan ciko yana ruɓewa yana zama, shekara da shekaru. Gidan da aka ɗora a kai za ka gane shi da tsagewar da take tashi daga kusurwar taga a karkace, da ƙofar da ta daina rufuwa, da farin gishiri-gishiri da ke cin filasta daga ƙasa zuwa gwiwa. Rijiya ko burtsatsen da aka haƙa a wurin ma abin tuhuma ne, balle idan shadda tana kusa.

Saboda haka ku biya injiniya ya yi gwajin ƙasa, ya huda har ya tarar da ƙasar asali, shi zai faɗi irin harsashin da wurin zai ɗauka. Ku tambayi dattawan unguwa iyakar da ruwa yake kaiwa da damina, sun fi dillali sani. Da ni ne, mafi zurfin ramin zan bar shi fili, in dasa darbejiya, in ja babbar kwata daga nan zuwa magudanar titi. Wataƙila gidajen su dawo takwas ko tara. Idan lissafin bai fita da hakan ba, ku koma wa wanda ya sayar muku tun kuɗin bai narke a hannunsa ba.