Amsa: Tafiya aikin mishan zuwa gidan marayu

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki bi ayarin cocinku zuwa ƙasar waje ki yi mako biyu kina kula da marayu. Niyyarki kyakkyawa ce, amma ki bincika kafin ki sayi tikitin jirgi.

Kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai yawancinsu can. A Kambodiya da Nepal an sami gidajen da ake tara yara don kawai baƙi su zo su ba da kuɗi, har Ostareliya ta sa wannan cikin nau'o'in bautar zamani a 2018.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yaron. Ya saba da ke, kullum yana riƙe da hannunki, ranar tafiya ki bar shi a bakin ƙofa yana kuka, wata mai zuwa kuma wata baƙuwa ta iso.

Ki tambayi mishan ɗin ko suna neman dangin yaran don mayar da su gida. In kuma ba su nemi takardar shaidar 'yan sanda (mai nuna ba a taɓa samun ki da laifi ba) daga gare ki ba, kada ki je. Idan kin iya jinya ko koyarwa, ki horar da ma'aikatan wurin, su ne za su ci gaba da zama da yaran.