Amsa ga Yaya kan kuɗin makarantar Koriyanci ta ranar Asabar

Assalamu alaikum. Yaya, na saurari muryarki. Kin ce kina son sa autarki a makarantar Koriyancin da 'yata ke zuwa ranar Asabar, amma kina tsoron ki biya a rufe ta a tsakiyar zango. To, tunda ni nake taya su rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, bari in gaya miki gaskiya.

Bashi dai babu a kanta, ko sisi. Kuɗin da iyaye ke biya sau biyu a shekara shi ne ginshiƙi. Sai tallafin Koriya ta Kudu, ta hannun hukumar kula da 'yan ƙasarsu mazauna waje, wadda aka kafa a 2023. Shi wannan sai an nema kowace shekara. Sai ɗan abin da iyaye mata ke tarawa in sun sayar da abincin Koriya irin su kimchi da kimbap ranar biki.

Amma wallahi abin da ke damuna daban ne, kin gane? Littafin lissafin yana kyau ne saboda mutane suna ɗauke nauyi a ɓoye. Azuzuwan na coci ne, abin da muke ba su bai kai hayar ɗaki ɗaya ba. Malaman nan, wata daga aikin dare a asibiti take zuwa, abin da ake sallamarta da shi kuɗin mai ne kawai. Ranar da cocin ya ce a biya haya ta gaskiya, ko malamai biyu su gaji, sai an sake lissafi daga tushe. Shawarar da ake ba ƙungiyoyi irin wannan ita ce su ajiye abin da zai riƙe su wata uku zuwa shida. Mu ba mu kai ukun ba, na kuma faɗa wa kwamiti ido da ido.

Nan Amurka ma ba sai kin dogara da bakina ba. Akwai takardar da ake cika wa IRS, wato hukumar harajin ƙasar, duk shekara, ana kiranta 990. Ƙaramar ƙungiya da kuɗin shigarta bai wuce dala 50,000 ba, gajeruwar take cikawa, 990-N. In ta yi shekara 3 a jere ba ta cika ba, afuwar haraji ta faɗi. Tamu tana kan lokaci.

Ki biya zango ɗaya tukuna, Yaya. Ki kawo ta Asabar ɗin nan ƙarfe tara, in buɗe miki littafin ki gani da idonki.