Kwamfutata na ɗaukewa da zafi: wane man furosesa zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina ajin ƙarshe. Ina da kwamfutar cinya Core i5 da na saya ta hannu shekara uku da suka wuce. Tun da zafin bana ya shigo fankarta ba ta hutawa, ƙara kamar injin markaɗe, kuma in na buɗe manhajar zane ba ta kai rabin awa sai ta ɗauke ɗif. Wani mai gyara ya ce man furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ne ya bushe, ya nuna min kala uku, kowanne da kuɗinsa. Abokina kuma ya ce kada in wahalar da kaina, makilin ma yana yi. Wanne zan saya, kuma zan iya sa wa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Makilin dai ka bar shi wa haƙora. Gaskiyar abokinka ta kwana ɗaya ce ko biyu: akwai ruwa a cikinsa, zafi zai ɗan sauka ka yi murna, ruwan na ƙonewa ya koma garin alli. An taɓa kawo min wata da aka yi wa haka, ina ɗaga ƙarfen da ke kwance kan furosesarta ƙamshin na'a-na'a ya buge ni, sai da na yi ta goga kafin ya fita.

Abin da yawancin masu saye ba su sani ba, wannan man da 'yan kasuwa ke kira tamal fes ba ya sanyaya komai. Fanka da bututun jan ƙarfen da ke kwance kan furosesa su ne masu aikin. Fuskar furosesa da ta ƙarfen a ido sumul suke kamar madubi, amma cike suke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, in aka haɗa su iska ta maƙale a tsakani. Iska kuwa ba ta ɗaukar zafi. A ma'aunin da ake auna wucewar zafi, iska tana da kusan 0.026, jan ƙarfe kusan 400, man kirki kuma yana wajen 5 zuwa 10. Ka ga man ya ninka iska sau ɗaruruwa, amma jan ƙarfe ya ninka man sau arba'in ko fiye. Aikinsa kawai ya kori iska ya cike ramukan, kamar yadda magini ke cike tsagar bango. Wanda ya lafta shi kamar bota a burodin mai shayi ɓarna ya yi, in kuma sukurorin ba su matse sosai ba, katanga ya gina wa zafin.

Kafin ka kashe ko sisi, ka fara zargin ƙura. Kwamfutar da ta sha hunturu uku a Zariya ba a buɗe ta ba, na tabbata tsakanin fanka da siraran haƙarƙarin ƙarfen da iska ke fita akwai wani abu kamar guntun bargo. A shagona yawancin masu zuwa da kukan zafi wannan bargon ne matsalarsu. Ka sa ƙaramar manhaja irin Core Temp ko HWiNFO ka duba. Yawancin furosesoshin Intel iyakarsu digiri 100. Suna kusantarsa sai su rage gudu da kansu, in abin ya faskara su kashe kwamfutar don kada su ƙone. Ɗaukewar da kake gani ke nan. Ka rubuta lambar kafin ka taɓa komai, ka share ƙura, ka sake aunawa. Ka kuma tuna fanka da iskar ɗakinka take aiki. A watan Afrilu da zafin gari ke haura 40, kada ka sa ran ganin lambobin da mutumin Jamus ke nunawa a bidiyo. Ka daina ɗora ta kan katifa ma.

To, in an share zafin bai sauka ba, ko ka ɗaga ƙarfen ka tarar man ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, sai a zo batun saye. Waɗanda nake amfani da su: Arctic MX-4 ko MX-6, Noctua NT-H1, sai Kryonaut na Thermal Grizzly ga mai kuɗi. Duk ba sa ɗaukar lantarki, ko sun ɗan malala gefe ba abin da zai faru. Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce digiri biyu ko uku ba, don haka mafi sauƙin kuɗi a cikinsu ya ishe ka. Sirinji mai giram 4 zai yi maka ya yi wa duk 'yan ɗakinku. Kada lambar da aka buga jikin kwali ta ruɗe ka, kowane kamfani da yadda yake aunawa, Arctic ma sun daina buga tasu. Abin tsoro shi ne jabu, musamman na MX-4, har kamfanin ya sa lambar tantancewa jikin kwalin da za ka duba da wayarka. In sirinjin ya zo tsirara ba kwali, ko ka matsa mai tsinkakke ya fara fitowa, ajiye musu kayansu. Farin nan na cikin gwangwani kuwa ka bar wa masu gyaran amfilifaya.

Akwai abu ɗaya da ya shafi kwamfutar cinya. Furosesarta ba ta da murfin ƙarfe irin ta kwamfutar tebur, gilashinta, wato ɗan fallen silikon mai ƙyalli da ke tsakiyarta, a fili yake. Kullum ta yi zafi ta huce ƙarfen yana ɗan buɗewa yana tsukewa, a hankali ya tura man mai ruwa-ruwa zuwa gefe ya bar tsakiya fayau. Shi ya sa wani zai canza mai, wata huɗu zafi ya dawo. Don haka na fi son mai kauri irin MX-6. In ka samu PTM7950 na Honeywell na gaske, wani siririn falle ne mai narkewa a wajen digiri 45 ya koma ya daskare in ta huce, shi ya fi daɗewa, sai dai samunsa a kasuwanninmu aiki ne.

Sawa da kanka ba gagara ba ne in hannunka ba ya rawa. Ka kunna ta minti biyar tsohon man ya yi laushi, ka kashe, ka cire caja, kana buɗe bayanta ka fara zare wayar batir. Sukurorin ƙarfen suna da lamba 1, 2, 3, 4 a gefensu. Ka sassauta su kaɗan-kaɗan bi da bi. Sannan ka ɗan murza ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga. Wannan murzawar da tsada na koye ta. Wata rana ina sauri na fizgi fankar wata kwamfutar tebur mai Ryzen tana sanyi, furosesar ta biyo ƙarfen manne kamar kaska, ƙafafunta shida suka lanƙwashe. Daga la'asar har isha ina miƙe su da reza da gilashin ƙara gani, mai ita na zaune a benci yana kallona bai ce uffan ba. Ta tashi, amma ban karɓi kuɗin aiki ba.

Ka goge fuskokin biyu da sifirit, wanda ake kira isopropyl mai kashi 90 ko fiye ya fi, da tsumma marar gashi, har sai sun yi ƙyalli, ka bari su bushe. Ban da fetur, ban da kankara da sukudireba. Waɗancan 'yan katifu masu laushi da za ka gani kan wasu ƙananan sassa ka bar su yadda suke, mai ba ya maye gurbinsu don tazarar wurin ta yi masa yawa. A kan gilashin furosesa ka ɗiga kamar ƙwayar shinkafa, ka baje shi siriri da gefen tsohon katin waya har ya rufe kusurwa huɗu, don duk inda ya rage tsirara nan zafi zai taru. Ta tebur mai murfi ba sai an baje ba, ƙwayar wake ɗaya a tsakiya, matsin ƙarfen zai yi sauran. Ka mayar da ƙarfen sau ɗaya, kada ka ɗaga don leƙawa. In ka ɗaga, goge ka sake. Ka ɗaure sukurori bisa lambarsu, zagaye biyu ko uku, kuma kada ka manta wayar fanka. In komai ya yi daidai za ka huta shekara uku ko fiye, ƙura ce kawai za ka riƙa sharewa bayan kowane hunturu.

Tambaya: Injiniya, na ji ana yabon wani mai kamar narkakkiyar azurfa, an ce shi ke cikin PlayStation 5. In sa wa kwamfutata ta wasa? Daga wani mai shagon wasanni a Maraɗi.

Amsa: Haka ne Alhaji, shi Sony suka sa, amma sun yi masa shinge na musamman don kada ya zuba. Ruwan ƙarfe ne da aka haɗa da galiyam, kuma ya fi kowane mai ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Sai dai yana ɗaukar lantarki, ɗigo ɗaya a kan bod, wato allon da sassan kwamfutar ke manne a kai, ya isa ya kashe ta, sannan yana cin alminiyam har ya rududduge. Ka juya ƙarfen fankarka ka duba, in gindinsa alminiyam ne magana ta ƙare. Ko jan ƙarfe ne ma, kwamfutar da yara ke ja suna turawa daga safe har dare ni ba zan sa mata ba. Ka sayi NT-H1, canjin ka ƙara fanka ɗaya a bayan akwatin.