Lawali, ga amsarka kan karatun kimiyyar siyasa

Na saurari saƙon muryarka, duk minti goma sha ɗayan, ina cikin jirgin ƙasa zan tafi aikin dare. Ka ce ka samu bak, wato ka ci jarrabawar gama sakandare, kana son in nema maka gurbi nan Faransa ka karanci kimiyyar siyasa, ka gano masu juya duniya a ɓoye, ka dawo Maraɗi ka tona musu asiri. Barka da bak ɗin, Allah ya sa albarka. Sauran maganar kuwa, gyara zama.

Ni ma da irin wannan kayan na sauka. Shekara nawa na yi a fadarmu ta Bagalam, shayi na zagayawa, muna warware duniya kafin isha'i: kowane juyin mulki da ubangidansa, kowace yunwa shiryayya ce. Ranar da aka fara ba ni aikin gabatarwa a aji, na tashi na zazzage musu duk abin da ke cikina. Malamar ta bari na gama, sannan ta ce: "Wace takarda ka gani? Wa ya faɗa, yaushe? Kuma me za a nuna maka ka yarda ka yi kuskure?" Ta ba ni 6 bisa 20. Ni da ban taɓa sauka ƙasa da 14 ba! Na koma ɗaki ina cewa ai dama Baturiya ce, gidansu take karewa. Sai da na yi wata uku kafin na gane ciwon nawa yana cikin wannan amsar: duk wanda ya musa mini, musun nasa ya zame mini ƙarin hujja.

Masanan fannin sun daɗe da sanin wannan tunanin. Wani Ba'amurke, Michael Barkun, ya ce a kan duwatsun murhu uku yake zaune: ba abin da ke faruwa haka kawai, ba abin da yake yadda ido ke ganinsa, kuma komai na haɗe da komai. Tun kafin shi, masanin falsafa Karl Popper ya ce akasarin abin da ke samun al'umma ba wanda ya zauna ya tsara shi, kuma masu ƙulla makircin ma da wuya ya fito musu yadda suka so. Dubi tiyar gero idan ta yi tsada a kasuwarmu. Damina ce, darajar naira ce, iyaka ce kamar yadda Najeriya ta rufe ta a 2019, ga masu sito da ke jiran farashi ya hau. Hannu dubu, kowa na neman na kansa.

Kada ka ɗauka wai ana koya mana babu makirci. Akwai, har da na fitar hankali. An kashe Lumumba, firaministan Kongo na farko, a Janairun 1961, sai a 2001 kwamitin majalisar Beljiyam ya amince cewa wasu ministocinsu na da alhaki. An kashe Sankara, shugaban Burkina Faso, a 1987, sai a 2022 kotu ta yanke wa Compaoré, wanda ya gaje shi, ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Ga namu na gida: a 2003 an kafa hujjar yaƙin Iraƙi da zancen cewa Saddam ya nemi yuraniyom a Afirka, ana nufin Nijar. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta duba takardun ta ce na jabu ne, ɗaya ma ɗauke take da sa hannun ministan da ya bar kujerar fiye da shekara goma. Ka ga wanda ya tona asirin: mutumin da ya zauna ya gwada kwanan wata da sa hannu. Aikin ke nan da za a koya maka, ga kuma lissafin ƙididdiga da ba ka ambata ba, wanda ya kusa kore ni.

Abin da ya fi ci mini rai bai faru a nan ba. Da na je hutu gida na zauna a fada, aka kawo wani labari, na ce to wa ya gani? Aka yi tsit. Wani abokina tun na lakwal ya ce, "Ku bar shi, an saye shi." Ni da nake jera kwali a sito daga goma na dare zuwa asuba, wai ni aka saya. Ka shirya wa wannan, don kai ma za a gaya maka.

Kuɗi kuma. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun Janairun 2024, biza ta zama wahala a kan wahala. Lokacin da na zo, ana son ka nuna yuro 615 na kowane wata, sama da jika ɗari huɗu ke nan. A 2019 aka sa wa baƙi irinmu kuɗin lisans, wato digiri na farko, yuro 2,770 a shekara, sai dai jami'ar da ta ga dama ta yafe. Aikin da doka ta yarje wa ɗalibi awa 964 ne a shekara, haya kaɗai na cinye shi. Ni na gama mastar ɗina ba wanda ya ara mini ko dala, ina alfahari da haka, amma haƙorana biyu da barcin shekara huɗu suka tafi a ciki. Kuma takardar ba ta zuwa da aiki, nan ko can.

Shawarata, ka shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai tsangayar shari'a da siyasa. Ka yi lisans, ka dage da Ingilishi, ka riƙa leƙa cibiyar bincike ta LASDEL inda masu bincike ke nazarin yadda asibiti, kotu da ofisoshinmu ke aiki a zahiri. In ka fito da maki mai kyau, sai mu nemi bursin mastar tare.

Na ji kuma kana zuga Inna ta sayar da gonar hanyar Tibiri. Kul! Turo mini hoton makinka na bak, zan kira ranar Lahadi bayan la'asar.