Kujerun Falo: Ku Tambaya, Mu Amsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da doguwar kujera mai zaman mutum uku, ruwan toka. Ina son in ƙara masu zaman mutum ɗaya guda biyu irin na zamani, amma an ce sai sun zama saiti ɗaya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba dole ba ne. Abin da ke sa kujeru su dace da juna tsayin mazauni ne kafin launi. Ki sa awo daga ƙasa zuwa saman kushin ɗin doguwar kujerarki, yawanci za ki samu santimita 42 zuwa 46. Sababbin kada su bambanta da ita fiye da santimita 5, in ba haka ba ana hira wani yana leƙo wani daga sama. Sai ki maimaita abu guda: idan ƙafafunta katako ne mai duhu, na sababbin ma su kasance haka, yadin kuwa ya sha bamban.

Ki lura da zurfi. Daga bakin kushin zuwa majingina santimita 50 zuwa 55 ya wadatar. Da ya kai 60, gajeren mutum ƙafarsa reto za ta yi, dattijo kuma sai an kama shi zai tashi. Da yawa daga shahararrun kujerun da ƙwararru suka zana don kishingiɗa aka yi su, kamar kujerar Eames da ta fito a Amurka a 1956, mai kwantaccen baya da matashin ɗora ƙafa. Tana da kyau ƙwarai, amma tana cin wuri, kuma ba ta karɓar baƙi ba ce. Tsakanin kujera da teburin tsakiya ki bar santimita 40 zuwa 45, hanyar wucewa kuma 80.

Tambaya: Kujerata ba ta shekara ba ta lotsa, fatar hannunta kuma tana ɓarewa. Me ya jawo?

Amsa: Malam, ɗaga kushin ɗin ka danna ƙasansa da tafin hannu. Idan wurin ya zurma, sifirin ne ya saki ko bel ɗin da ke riƙe da mazaunin ya miƙe, kuma kafinta zai gyara. Idan yana nan daram, laifin soso ne. Na mazauni ya kamata nauyinsa ya kai kilo 30 zuwa 35 a kowace mita kubik, wato soso mai mita ɗaya-ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Tauri daban, nauyi daban: soso mara nauyi yakan yi tauri a shago, bayan 'yan watanni ya kwanta.

Ɓarewar kuwa alama ce ta fatar roba, ko garin fata da aka manne da gam aka shafe samansa da roba. Gumi da zafin rana ke farfasa ta, kuma ba man da zai dawo da ita. A sake lulluɓe kujerar da yadin da ya jure guga sau 25,000 ko fiye a gwajin Martindale, wato gwajin da ake goga yadi da na'ura don auna ƙarkonsa, sannan a janye ta daga bakin taga.